Furotin ɗin Madara da Hawan Jini: Abin da Bincike Ya Tabbatar da Abin da Talla Ta Ƙara

Duk wanda ya taɓa sa ludayi cikin ƙwaryar kindirmo ya ɗiba, sannan ya bar ta ta ɗan jima, ya san ruwan nan mai fatsi-fatsi da ke taruwa a gurbin da ludayin ya bari. Wasu kan tsiyaye shi su zubar don kada ya tsinka nonon. Masu yin cuku a Turai ma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yi masa kallon shara, ko su ba aladu, ko su malalar da shi cikin kogi. Yau ruwan nan ne ake tacewa a busar, a ɗura garinsa cikin manyan robobi, a sayar wa masu ɗaga ƙarfe da tsada. Shi ne kuma, tare da gudajin da ya rabu da shi, masana abinci da likitocin zuciya suka shafe shekara talatin suna bincike a kansa, suna neman amsar tambaya ɗaya: furotin ɗin da ke cikin madara yana saukar da hawan jini, ko kuwa zance ne na masu son sayar da hajarsu?

Tambayar ta cancanci wannan wahala. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna masu hawan jini sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. A Najeriya, ƙiyasin masana ya tsaya a kan kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Ghana da Najeriya, ciki har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya gano cewa hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki. Da wuya a sami zuri'ar da ba ta da dattijo ko dattijuwar da ta kwanta lafiya ta wayi gari baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. Idan akwai abincin da ke cikin gida wanda zai rage ko da kaɗan ne daga wannan masifa, ya kamata a san gaskiyarsa, ba daɗi ba ragi.

A kowace lita ta madarar saniya akwai furotin kimanin giram 33. Kashi 80 cikin 100 nasa shi ne wanda masana ke kira kesin, wato mai daskarewa ya zama gudaji idan madara ta yi tsami ko an ɗiga mata ruwan tumfafiya wajen yin cuku. Sauran kashi 20 ɗin yana narke ne a cikin ruwan da ya rabu da gudajin, ruwan cuku ke nan. Kowane furotin kamar dogon carbi yake, ƙwayoyinsa amino asid, iri ashirin, an jera su bisa wani tsari na musamman. Idan aka sha madara, ruwan ciki da na hanji su ne almakashin da ke yanyanka carbin. Haka ma ƙwayoyin halittar da ke tsamar da nono suna yin nasu yankan tun a ƙwarya. Yawancin carbin yakan warware ƙwaya-ƙwaya, jiki ya gina tsoka da shi. Amma wasu guntaye masu ƙwaya biyu, uku, zuwa goma sukan tsira a haɗe, kuma wasunsu suna da aikin da uwar furotin ɗin ba ta da shi. A kan waɗannan guntaye aka gina duk labarin.

Kafin a fahimci aikinsu sai an leƙa yadda jiki ke murɗa famfon jininsa. Idan ƙoda ta ji jini ya yi ƙasa, sai ta saki wani sinadari mai suna renin. Shi kuma ya yanki wani furotin da hanta ke zubawa cikin jini, ya fitar da anjiyotensin na ɗaya, wanda ba shi da wani ƙarfi. Sai ya ratsa ta huhu, inda wani sinadarin da ake taƙaita sunansa da ACE ya datse masa ƙwaya biyu, ya zama anjiyotensin na biyu. Wannan shi ne mai aikin: yana matse jijiyoyin jini, yana kuma umartar ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Bututu ya tsuke, ruwan cikinsa ya ƙaru, dole matsi ya hau. Duk abin da ya toshe ACE, to ya sassauta famfon.

Wanda ya fara nuna wa duniya hanyar toshe shi maciji ne. A shekarun 1960 wani masani ɗan Brazil, Sérgio Ferreira, ya gano cewa dafin jararaka, wani maciji dangin kububuwa, yana ɗauke da guntayen furotin da ke sa jinin wanda ya sara ya faɗi warwas. Daga nan masanan kamfanin Squibb a Amurka suka ƙera kaftofiril a 1975, aka amince da shi a 1981. Lisinofiril da ake rubuta wa masu hawan jini a asibitocinmu ƙanensa ne. To da aka ga guntayen furotin na iya wannan aiki, sai masana suka shiga lalube cikin abinci: kifi, ƙwai, waken suya, alkama. Madara ce ta fi ba su abin da suke nema.

Labarin ya fi ƙarfi a Japan. A farkon ƙarni na ashirin wani ɗan kasuwa, Kaiun Mishima, ya yi tafiya yankin Mongoliya ta Ciki, cikinsa ya lalace, makiyaya suka yi ta ba shi nononsu mai tsami har ya murmure. Da ya koma gida sai ya ƙirƙiro abin shan da ya sa wa suna Calpis, ya fito kasuwa a 1919. Bayan shekara 76, a 1995, masanan kamfanin suka ware guntaye biyu masu ƙwaya uku-uku daga nonon da wata ƙwayar tsami mai suna Laktobasilus helbetikus ta tsamar. Ana kiransu IPP da VPP, haruffan farko na ƙwayoyin da suka haɗa su. A kwalbar gwaji sun toshe ACE. A jikin ɓerayen da aka kiwata da hawan jini sun saukar da shi. A 1996 aka gwada a kan tsofaffi 30 masu hawan jini, yawancinsu suna kan magani: waɗanda suka sha mililita 95 na nonon kullum har mako 8, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da maki 14, ta ƙasa da kusan 7. Wannan sauka ce irin ta ƙwayar magani. Ba da jimawa ba kamfanin ya fito da abin shan Ameal S, hukumomin Japan kuma suka ba shi izinin shiga rukunin abincin da aka yarda a ce yana da amfani na musamman ga lafiya.

Finland ta bi sahu. Kamfanin madara na Valio ya fitar da abin shan Evolus a 2000, kuma gwajin da aka wallafa a 2003, na mutum 39 da suka sha mililita 150 kullum har mako 21, ya nuna bambancin maki 6.7 a lambar sama. Wani gwajin na mutum 94 a 2005, wanda aka ɗaura wa mutane na'urar da ke awo dare da rana, ya sami maki 4. Mai lura zai ga wani abu a nan: yayin da mutanen gwaji ke ƙaruwa, awo ke ƙara tsauri, lambar na ta raguwa.

Sai 2008 ta zo da ruwan sanyi. A Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan aka ba mutum 135 guntayen nan har mako 8, wasu daga nono mai tsami, wasu daga waɗanda aka yanka da sinadari, wasu na haɗin ɗakin gwaji. Babu wanda jininsa ya sauka fiye da na masu shan abin da ba komai a cikinsa. A shekarar dai aka wallafa gwajin mutum 275 a Sikotilan, sakamakon bai sauya ba. A 2012 Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa ba a tabbatar da alaƙar sababi tsakanin shan IPP da VPP da daidaituwar jini ba, saboda haka ba a yarda a rubuta wannan da'awa a jikin kwali a ƙasashenta ba. Abin shan da ke da lasisin lafiya a Tokiyo ba shi da shi a Faris.

Da masanan Jami'ar Reading ta Ingila suka tattara gwaje-gwaje 30 a 2015 suka haɗa lissafinsu, matsakaicin saukar ya tsaya a kusan maki 3 a sama da 1.5 a ƙasa. Sun kuma ga abubuwa biyu da ba za a kawar da kai daga gare su ba. Na farko, gwaje-gwajen Japan sun fi na Turai nuna tasiri nesa ba kusa ba. Na biyu, akwai alamar cewa ƙananan binciken da suka sami sakamako mai daɗi sun fi samun shiga mujallu, waɗanda ba su sami komai ba kuwa suna kwance a aljihun tebur. A ƙara da cewa yawancin binciken farko ma'aikatan kamfanonin da ke sayar da abin shan ne suka yi su ko suka sa hannu a cikinsu. Wannan ba ya nufin ƙarya aka yi, amma mai kaya ba ya zama alƙalin kayansa.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. Toshe ACE a kwalba daban, isa cikin jini daban. Hanjin ɗan Adam cike yake da almakasai, kuma guntun da ya tsallake su ya shiga jini ba ya daɗewa. Gwajin da aka yi a kan aladu ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin dubu ne kawai na guntayen da aka ba su ke isa jini a haɗe, kuma cikin mintoci suke ɓacewa. Ga shi ko a kwalbar ma kaftofiril ya fi su ƙarfi sau ɗaruruwa. Abin da ya isa jini bai kai ya toshe ACE yadda magani ke yi ba. Saboda haka masana da dama suka koma tunanin cewa idan har guntayen na da tasiri, to ta wata hanya ce, wataƙila a bangon hanji, wataƙila ta taimaka wa shimfiɗar cikin jijiya ta saki iskar naitirik okzayid mai buɗa ta. Tallar da ta ce madara na aiki kamar maganin hawan jini ta wuce inda hujja ta tsaya.

Abin mamaki, hujjar da ta fi tsayawa da ƙafarta ta fito ne daga furotin ɗin gaba ɗayansa, wanda ba a yi masa wata dabara ba. A 2011 Jiang He na Jami'ar Tulane da abokan aikinsa suka wallafa gwajin mutum 352 a biranen New Orleans da Jackson na Amurka, duk masu jinin da ya fara hawa. Kowannensu ya sha giram 40 na furotin ɗin madara kullum har mako 8, ya huta, ya sha na waken suya, ya huta, ya sha garin sitaci, ba tare da ya san wanne ne wanne ba. Kowa ya zama ma'aunin kansa ke nan. Furotin ɗin madara ya saukar da lambar sama da maki 2.3 idan aka kwatanta da sitaci. Lambar ƙasa ba ta motsa sosai ba.

A Reading kuma, a 2016, aka yi irin wannan da mutum 42, waɗanda 38 suka kai ƙarshe. Giram 56 kullum na furotin ɗin ruwan cuku ya saukar da awon dare da rana da maki 3.9 a sama da 2.5 a ƙasa. Kesin bai saukar da jinin haka ba, amma shi da na ruwan cukun duka sun kyautata yadda jijiyar hannu ke buɗewa idan jini ya taso mata, sun kuma rage kolestarol kaɗan. Kafin su, a Jami'ar Curtin ta Ostireliya, gwajin masu ƙiba 70 na mako 12 ya nuna duka biyun sun saukar da jini, amma na ruwan cukun ne ya rage taurin jijiya. Ruwan da ake tsiyayewa a zubar, ashe, ya fi gudajin da ake riritawa a wannan fage.

Sai dai a yi lissafi kafin a yi murna. Lita guda ta madara ba ta da furotin ɗin ruwan cuku da ya wuce giram 6 zuwa 7. Kafin mutum ya tara giram 56 sai ya shanye sama da lita 8 a rana. Giram 40 na gwajin Amurka ya fi kusa da hankali, amma shi ma lita ɗaya ne da ɗoriya kullum. Kofi guda da safe ba zai kawo abin da aka gani a waɗannan gwaje-gwaje ba.

Akwai wata lamba a gwajin Tulane da ta fi kowace muhimmanci ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, kuma ita ce masu tallar madara ba sa ambata. Furotin ɗin waken suya ya saukar da jini da maki 2.0, kusan daidai da na madara. Waken suya ba shi da kesin, ba shi da ruwan cuku. Abin da suka haɗu a kai shi ne dukansu furotin ne da ya maye gurbin sitaci. Gwajin OmniHeart na 2005 ya nuna haka: da aka rage sitaci da sukari a abinci mai kyau aka cike gurbin da furotin, kusan rabinsa na tsirrai, jini ya ƙara sauka da maki 1.4, a masu hawan jini kuwa da 3.5. Ma'ana, wani babban kaso na amfanin da ake jingina wa madara ya fito ne daga abin da ta kora daga kwano. Mai cin awara da wake da gyaɗa bai yi asara ba don kuɗinsa bai kai na madara ba. Ga al'ummar da tuwo, shinkafa, burodi, taliya da lemon kwalba suka mamaye cimarta, wannan shi ne darasin da ya fi tsada.

To maki 2 zuwa 4 ɗin, wani abu ne? Ga mutumin da awonsa ya kai 170 bisa 100, ba za su fitar da shi daga haɗari ba, kamar ɗiban ruwa ne da cokali daga rijiyar da ta cika. Amma ga gari guda lissafin daban ne. Nazarin da ya haɗa bayanan mutum miliyan guda, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa raguwar maki 2 kacal a lambar sama tana tafiya da raguwar kusan kashi 10 cikin 100 na mace-macen shanyewar jiki da kashi 7 na ciwon toshewar jijiyar zuciya a tsakanin masu matsakaicin shekaru. Abin da bai isa ya ceci mutum ɗaya ba yana iya rage makoki da yawa idan miliyoyi suka same shi.

Duk gwaje-gwajen nan na makonni ne, kuma awon jini suka duba, ba su jira su ƙirga waɗanda zuciyarsu ta buga ba. Don sanin wannan sai an koma ga binciken da ke bin mutane shekara da shekaru ana kallon abin da suke ci. Ɗaya daga cikin manyansu a wannan batu shi ne PURE, wanda ya bi mutum 136,384 a ƙasashe 21 kimanin shekara 9, aka wallafa a 2018. Masu shan madara da danginta fiye da sau biyu a rana sun yi ƙasa da waɗanda ba sa sha da kashi 22 cikin 100 wajen manyan cututtukan zuciya da jijiya, da kashi 34 wajen shanyewar jiki. Amma irin wannan bincike ba ya iya raba madara da mai shanta. A ƙasashe matalauta, wanda ke da kuɗin madara kullum shi ne mai kuɗin asibiti da magani. Ga kuma binciken Suwidin na 2014 da ya bi mata sama da 61,000, ya ga masu shan kofi uku ko fiye na madarar da ba ta yi tsami ba sun fi mutuwa, alhali masu shan nono mai tsami da cin cuku sun fi tsawon rai. An yi ta muhawara a kan wannan sakamako, amma wani zare ɗaya yana ta maimaituwa a bincike daban-daban: nonon da ya yi tsami ya fi fitowa da farin jini.

Madara kuma ba furotin ba ce kaɗai. Kowane mililita 100 na ɗauke da kalsiyam kimanin miligiram 120 da fotasiyam kimanin 150, kuma fotasiyam na taimaka wa ƙoda ta fitar da gishiri. Shahararren gwajin DASH na 1997, wanda aka ciyar da mutum 459 har mako 8, ya nuna abincin da aka cika da ganye da 'ya'yan itace ya saukar da lambar sama da maki 2.8. Da aka ƙara masa madara mai ƙarancin kitse kusan sau uku a rana, aka rage kitsen nama da kayan zaƙi, saukar ta kai 5.5, a masu hawan jini kuwa 11.4. Kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen gwajin baƙaƙen fatar Amurka ne, kuma su suka fi amfana. Ba a iya cewa furotin ne ya yi wannan shi kaɗai, amma an ga abin da madara ke iya yi idan ta shiga cikin abinci mai tsari.

A nan gida ma an taɓa dubawa. A 2001 Robert Glew na Jami'ar New Mexico da abokan aikinsa na Jos suka wallafa binciken da suka yi a kan Fulani makiyaya 121 a tsaunukan Filato. Kusan rabin ƙarfin abincinsu daga kitse yake fitowa, mai yawa daga nono da man shanu, abin da littattafan likitanci na lokacin za su kira hanyar ciwon zuciya. Amma kitsen jininsu ya fito lafiya lau. Masu binciken ba su ce nono ne ya kare su ba. Sun nuna mutanen ba su da ƙiba, abincinsu bai wuce bukatarsu ba, kuma wuni suke suna tafiya bayan shanu. Ma'aikacin da ke zaune ofis daga safe zuwa la'asar ba zai sha man shanun Bafulatani ya sami jijiyar Bafulatani ba.

Wani abin lura ga baƙar fata shi ne batun ACE kansa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa hawan jinin yawancin 'yan Afirka ba renin ne ke tuƙa shi ba, riƙon gishiri ne, shi ya sa magungunan toshe ACE su kaɗai ba sa yi musu aiki kamar yadda suke yi wa Turawa. Gwajin CREOLE da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, da marasa lafiya 728, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin magungunan da ke da amlodifin ya fi haɗin maganin toshe ACE da na sa fitsari da kimanin maki 3. Idan ƙwayar maganin da aka ƙera don toshe ACE ma ƙarfinta ya ragu a jikinmu, babu dalilin sa ran guntun furotin mai rauni zai yi abin a zo a gani ta wannan hanyar. Amfanin nono ga Bahaushe ya fi yiwuwa ya zo ta fotasiyam, da kalsiyam, da korar sitaci da sukari.

Ana kuma jin zancen madarar A2, wato marar kesin na A1, wadda wani kamfanin New Zealand ya fara tallatawa a kan cewa nau'in kesin na A1 da ke cikin madarar yawancin shanun Turai yana da alaƙa da ciwon zuciya. Hukumar Turai ta duba batun a 2009 ba ta sami hujjar sababi ba. Shanu masu tozo irin namu dai galibi A2 suke bayarwa tun asali.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda madarar ke isa baki. Kindirmon da aka dama da fura aka antaya masa sukari cokali huɗu ya mayar da sitacin da ake son korewa, har da riba. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kusan rabinta sukari ce. Yawancin madarar garin da ake aunawa a kasuwa ko ƙullawa a leda an cire mata man shanunta an maye shi da man kwakwar manja, kuma akwai farin garin shayi da ba madara ba ne ma sam, furotin ɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai an karanta jikin kwali ake ganewa. Nonon da aka tsinka da ruwa aka kaurara da garin kuka ko sitaci ya rasa rabin abin da ake nema a cikinsa. Cukun Turawa mai tauri cike yake da gishiri. Gishirin kuwa shi ne babban abokin gaba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali guda, a haɗa da wanda ke cikin dunƙule da burodi da yaji. Kanwa ma sodiyam ce, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ba ƙwaryar nonon da za ta goge abin da dunƙule biyar suka rubuta a tukunyar miya.

Wasu kuma sai sun yi hattara. Mai ciwon ƙoda bai kamata ya ƙara furotin ko fotasiyam ba sai da izinin likita, balle ya sayi robar garin furotin, musamman in yana shan lisinofiril ko danginsa masu tara fotasiyam a jini. Wanda madara ke kumbura wa ciki, kuma suna da yawa a Afirka ta Yamma in ban da Fulani makiyaya, kamar yadda wani bincike a Najeriya ya nuna tun 1971, yakan fi jure kindirmo, domin tsami ya cinye wani kaso na sukarin madarar. Ɗanyar madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale.

Manyan gwaje-gwajen furotin ɗin nan an yi su ne a Japan, Finland, Holan, Birtaniya, Ostireliya da Amurka, da madararsu da ƙwayoyin tsaminsu da jikin mutanensu. Kindirmo yana da nasa ƙwayoyin tsamin, masu shansa suna da nasu irin hawan jinin. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Abdou Moumouni a Yamai suna da likitocin zuciya da masana abinci, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga masu hawan jini cike da layin asibiti. Gwajin mako 8 da na'urar awon dare da rana, rukuni ɗaya na shan kindirmo marar sukari, ɗaya kunu, ɗaya awara, bai fi ƙarfinsu ba, kuma ya kamata su yi shi.

Kafin nan, mai karatun da ya haura shekara 30 ya je a auna jininsa ko da yana jin garau. In an ɗora shi kan magani, ya sha kullum, kada wani mai talla ko mai saƙon waya ya sa ya ajiye shi don nono. Ya rage gishiri da dunƙule, ya sa kofin kindirmo marar sukari a gurbin lemon kwalba, kuma in ya ga ruwan nan ya taru a saman ƙwarya, ya juya shi ciki ya sha.